In nuna wa Yaya fim ɗin nan na Japan, ko in bari?

Ummu Sadiƙ: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Matar yayana ta rasu bayan Babbar Sallah. Ranar ta kira shi ta ce kanta na ciwo, ya ce ta sha magani zai dawo bayan isha'i, ya dawo ya tarar da ita kwance a ƙasa. Har yau maganarsa ɗaya ce: "Da na dawo da wuri." An yi masa nasiha har an gaji. Shi mai kallo ne, karanta rubutun ƙasan fim ba ya ba shi wahala. Abokiyar aikina ta ce in nuna masa Drive My Car, wai labarin kusan nasa ne. Ni ban gani ba. Wanda ya kalle shi yana cikin rashi, sauƙi ya samu ko fama masa ciwon ya yi?

Ɗan Sabon Titi: Allah Ya jiƙanta. Ki sa a tura masa na Indiya mai fassara, wanda zai yi dariya. Naira 200 ake turawa.

Ummu Sadiƙ: Amin. Malam, ba dariya nake nema masa ba.

Abu Hanan: Na kalla. Na 2021 ne, Ryusuke Hamaguchi ya ba da umarni, daga gajeren labarin Haruki Murakami, kuma ya ci Oscar na fim ɗin ƙasashen waje a 2022. Kafuku ɗan wasan daɓe ne. Matarsa Oto ta ce in ya dawo akwai magana, tsoron maganar ya sa ya yi ta yawo a mota, ya dawo ya tarar jini ya zuba mata a ƙwaƙwalwa. Bayan shekara 2 ya tafi aiki Hiroshima aka ba shi direba, Misaki, wadda ita ma ƙasa ta rufta wa gidansu a Hokkaido, ta fito ba ta ciro mahaifiyarta ba. Babu mai ce wa ɗan uwansa ba ka da laifi, kowa ya faɗi nasa ne kawai, kuma wannan ne ya taɓa ni. Amma 'yar uwa, minti 40 na farko akwai abubuwan ɗakin kwana, har da cin amanar aure. Ba fim ɗin da ƙanwa za ta zauna ta kalla da yayanta ba ne.

Baban Amira: Awa 3 fa! Ni na kai rabi barci ya kwashe ni, na farka suna nan dai cikin jar Saab ɗin. Da daga Kano suka tashi da sun kusa Kaduna.

Maman Biyu: Ku bar wasa don Allah. Ƙanwata, kada ki nuna masa. Ɗana zazzaɓi ya yi da daddare, na ce a bari gari ya waye saboda babansa ba ya nan kuma ba ni da kuɗin mota. Kafin asuba ya fara sanƙarewa. Muna isa asibiti aka ce sai an yanki kati, ina tsaye a layi aka zo aka dafa ni. Ranar sadakar uku ƙanwar mijina ta faɗa a gaban mata cewa sakacina ne. Daga baya ko talla na gani da yaro a gadon asibiti sai in kwana ban runtsa ba. Auren ma bai ɗore ba. Wanda ke wannan hali ba a kawo masa hoton abin da yake gudu.

Hajiyar Gwammaja: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya sa mai ceto ne, Maman Biyu. Ita wannan ƙanwar mijin Allah Ya shirye ta.

Almajirin Malam: Manzon Allah (SAW) ya hana cewa "da na yi kaza da kaza ya faru", domin "da" tana buɗe aikin Shaiɗan. Ku kai shi wajen malamai, mutanen Japan ba za su koya mana haƙuri ba.

Abu Hanan: Akramakallahu, ai ta ce an yi nasihar. Kuma kai ka kalli fim ɗin?

Almajirin Malam: Kai kuma ka taɓa binne mata?

Nas Rabi: Ku duka ku dakata. In ba ya barci ba ya cin abinci tsawon watannin nan, likitan ƙwaƙwalwa ya kamata ya gani, ba hauka ake nufi ba. Fim ɗin kuma ki gaya masa labarin tukuna, ya zaɓa da kansa.

Ɗan Sabon Titi: Na tambaya a shagonmu, ba su da shi ma. Sun ce 500 in za su nemo.

Baban Amira: Wane 500? Datar da na ƙona kansa ta fi ta 1,500, rubutun kuma yana riga bakinsu.

Hajiyar Gwammaja: Ni abin da ke ci mini rai masu zuwa gaisuwa ne. "Me ya same ta? Ba a kai ta asibiti ba ne?" Mutum hamsin su tambaye ka haka a wuni ɗaya, ta yaya ba za ka ɗora wa kanka ba?

Maman Biyu: Wallahi Hajiya. Wata ma tana cin shinkafar sadakar take tambayata ƙarfe nawa zazzaɓin ya fara.

Ummu Sadiƙ: Haka aka yi wa Yaya, har da mai cewa ai da ya kira maƙwabciya. Abu Hanan, in an tsallake minti 40 ɗin ana gane sauran?