Kofi ɗaya, gwanaye biyu: musayar baitoci kafin walimar 'yan keke

Ma'aji:
Salamu alaikum jama'a. To kakar bana dai ta ƙare, tseren Wudil na ranar Lahadi shi ne na ƙarshe, saura walima ranar Asabar bayan la'asar a gidan Kyaftin. Kofi ɗaya muka iya saya, kun san halin asusu, kuma tun a hanyar dawowa ake ta musu wa za a ba, Auta da ya ci tsere uku cikin biyar ko Ingarma da bai ci ko ɗaya ba amma shi ya ja mu shekara guda cur. Ni na gaji da saƙon murya na minti tara tara, kowa ya kawo hujjarsa da baiti, ƙwar huɗu, amsa-amo "ya". Wanda ya karya shi zai sayi ƙanƙarar zoɓo.

Da sunan Allah farawa,
Mun sha hawa, mun sha gangarawa,
Kofi guda ne ba ƙarawa,
Ku zaɓi gwani bisa gaskiya.

Janairu, hazo ya rufe gari,
Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi fari,
Mu takwas muka fito a jeri,
Ko kare bai leƙo hanya.

Auta:
Wa'alaikumussalam Yaya Ma'aji, ni wlh ban ga abin musu ba, layi ake shatawa a kwalta, wanda tayarsa ta fara taɓawa shi ya ci, ko a Faransa haka ake yi.

Na ci Bichi, na ci Gezawa,
A Wudil ni na fara isowa,
In na miƙe kan feda ba kamawa,
Sai ku sha ƙura daga baya.

Girmay ya ci zango uku,
Koriyar riga ya sa a gabanku,
Wa ke ja masa? Ku faɗa da bakinku,
Sunansa kaɗai ya zaga duniya.

Biniam Girmay na Eritriya nake nufi, babban tseren keken Faransa, Tour de France na 2024, inda wanda ya fi tara maki ke sa koriyar riga, don masu barci lokacin da ake nunawa.

Mai Faci:
Kai Auta ka ji tsoron Allah mana. Kowa a nan ya san wanda ya maƙale a bayan wani kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa yake adanawa, na gaba ne ke fasa iskar, balle iskar hunturu da take dukan mutum a ƙirji kamar ana tura shi baya. Ka ajiye ƙafarka a firij tun daga Kano sannan ka fito da ita a mita ɗari biyu na ƙarshe kana mana kirari.

Tun daga Mariri har bakin gada,
Ingarma ne gaba yana narka feda,
Kai ko ka laɓe kamar ɗan gada,
Iska ba ta taɓa ka ko sau ɗaya.

Ran Gezawa ka tuna ko ka mance?
Tayarka ta sace, ka tsaya ka zauce,
Wa ya sauka, tasa ya kwance,
Ya ba ka, shi ya zauna cire ƙaya?

Baba Jar Fitila:
'Ya'yana ku bi a hankali, kuna ta gwanaye biyu kun manta da na uku. Sunan nan da kuka sa min ai ba zagi ba ne, a wancan tseren na Faransa ma na ƙarshe jar fitila ake ce masa, irin wadda ake ratayawa a taragon ƙarshe na jirgin ƙasa, kuma sai wanda ya ƙarasa tseren ake ba shi, wanda ya sauka a hanya bai samu.

Tsere biyar ban ci ko ɗaya ba,
Amma ban taɓa shiga mota ba,
Ban ce gwiwa ta hana ni ba,
Ina isowa kun cinye miya.

Raleigh na hau tun ana kwabo,
Ni da sirdi tsohon sabo,
In kofi bai zama nawa rabo,
Ku ajiye min cinya da wuya.

Auta:
Hhhh Baba Allah ya ƙara lafiya, cinya taka ce ba gardama.

Anti Mai Ruwa:
Baba ina gaisuwa. Ni ce nake bin ku a mota duk tsere da jarkoki da dabino da ayaba, don haka abin da ba ku gani ni nake gani, daga baya ake sanin wa ke aiki wa ke shaƙatawa. Kuma ba ina ƙin Auta ba ne, ƙanina ne, gudun ƙarshen nan nasa ba kowa Allah ya ba ba, ran Bichi sai da na saki sitiyari na yi guɗa. Amma fa.

Ni ce a baya da jarkar ruwa,
Ina ganin mai ja da mai laɓewa,
Ran Dambatta rana na ƙonawa,
Ya ba da gorarsa, ya haɗiye wuya.

Cikin azumi, atisayen dare,
Bayan asham kowa ya tsere,
Shi da fitila a goshi ɗaure,
Yana bin badala ba gajiya.

Da damina kuma da ruwa ya tsare mu wajen Kazaure ƙaramar ɗalibarmu ta zame ta ƙuje gwiwa, waye ya dafa bayanta yana turawa har saman tudu? Ban ma sa wannan a baiti ba don kar in yi kuka.

Ingarma:
Anti kin sa ni jin kunya. Ni ba mawaƙi ba ne jama'a, wannan ma matata ce ta gyara min.

Ku bar yaro, aikina ja ne,
Ni injin dizal, shi fetur ne,
In ya ci tsere ai namu ne,
Ni in na ce zan yi gudu sai dariya.

Amma Auta akwai bashi,
Wilina na Gezawa ban gan shi,
Ka riƙe kofin in kana son shi,
Ni dai ka dawo min da taya.

Auta:
Yaya Ingarma wilinka na nan lafiya ƙalau, ɗan karkacewa kawai ya yi da na faɗa wani rami ina kauce wa a-daidaita-sahu. Kuma aro ai ba abin kunya ba ne, Ese Ukpeseraye ma da ta wakilci Najeriya a Olamfik na Paris 2024 keken Jamusawa ta ara ta shiga tseren da'ira da shi.

Na yarda Yaya, kai ne inuwa,
Ba kai a gaba, ni ba isowa,
Amma inuwa ba ta cin tsere kuwa,
Sai an sami mai ƙarasa tafiya.

Mai Faci:
Ɗan karkacewa?? Wilin yana rataye a shagona, ya zama lamba takwas.

Na duba wilin na girgiza kai,
Ko yaro ba zai gara shi ba a kai a kai,
Kuɗin gyara sai ka zo da kanka kai,
Kafin Asabar, ba bashi, biya.

Kyaftin:
To ya isa haka, kowa ya faɗi nasa. Auta ɗana, kana nan a falona a watan Satumban 2025 muka kalli gasar keke ta duniya ta Kigali, karo na farko da aka yi ta a Afirka, kilomita 267 na hawa da sauka da titin duwatsu, ka ga yadda Pogacar ɗan Sloveniya da ya lashe ta ya yi fiye da kilomita 60 na ƙarshe shi kaɗai ba bayan wanda ya laɓe. Ranar da ka yi mana ko kilomita 10 haka a hanyar Wudil ni da kaina zan saya maka kofi ba daga asusu ba. Bana dai hukuncina ga shi, in akwai mai ja ya ɗaga hannu ranar Asabar bayan an ƙoshi.

Kofin bana na Ingarma ne,
Auta rigar gwani taka ce, sabon ɗinki ne,
Baba cinya da wuya duk naka ne,
Anti mu biya ki kuɗin mai na mota.

Sannan don Allah masu kawo lemon kwalba mai tartsatsi a buɗe a hankali, Girmay ɗin da Auta ke kirari da shi a 2022 ya ci zango a tseren Giro na Italiya, yana buɗe kwalbar murna murfin ya daki idonsa, washegari bai hau keke ba tseren ya ƙare masa ke nan. Ba na son mu gama shekara ba karaya sannan mu kai mutum asibiti daga kan tabarma.

Ma'aji:
Ranka ya daɗe hukunci ya yi, amma ka duba layinka na ƙarshe. "Mota" ka ce.

Kyaftin da kansa ya karya doka,
Mota ba "ya" ba ce a waƙa,
Ƙanƙarar zoɓo ta hau kanka,
Buhu biyu, kuma kar ta zo ta narke tun jiya.

Ragowar ku mutum uku da ba ku biya kuɗin wata ba kun san kanku, mai tsire ya ce sai ya ga kafin alƙalami ranar Alhamis.

Baba Jar Fitila:
A faɗa min ƙarfe nawa za a fara yanka, a keke zan zo, in fito da wuri.