Ina ƙirga kalori amma nauyina ya ƙi motsi, yunwa kuma na neman kayar da ni

Assalamu alaikum. Daga Katsina nake, a taimaka min da shawara.

Sati bakwai ke nan ina rubuta duk abin da na ci a manhajar waya, ba na wuce kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki) 1,800 a rana. Na fara da kilo 94, cikin sati uku na sauko 91, daga nan sikeli ya kafe.

Ban canja cimata ba, rage ta kawai na yi: shayi da burodi da safe, masa huɗu ko taliya da rana, sai lemon kwalba ɗaya. Kafin La'asar hannuna na karkarwa, kaina na sarawa, bayan gida kuma sai na yi kwana biyu ban fita ba. Na gwada barin abincin dare, sai ga ni ƙarfe biyu na dare ina buɗe ledar biskit. Tafiyar minti 30 bayan Asuba ma ina yi. Man da mai masa ke zubawa a tanda ne ban san yadda zan lissafa ba, alhali babban cokali ɗaya kusan kalori 120 ne, wannan yana damuna ƙwarai.

Abokina ya ce kalori kalori ne, ko na sukari ko na wake. Yayata kuma ta dage in koma ƙwai, wake da kwaɗon zogale, wai sun fi riƙe ciki.

Idan na bar adadin a 1,800 ɗin amma na sauya irin abincin, nauyin zai ci gaba da sauka, ko yunwar ce kawai za ta lafa?

Na gode.