Wane giyabos zai hau injin 2F na tsohuwar Land Cruiser ba tare da an yanka ba?

Yaron_Mabera:

Assalamu alaikum manya. Don Allah shawara nika nema ga waɗanda sunka san tsofaffin Toyota. Akwai akori-kura Land Cruiser FJ45 ta 1978 da munka gada wurin kakanmu, ta daɗe aje bayan gida har awaki sun maishe ta ɗakin kwana. Yanzu na tashe ta, injin 2F na nan garau, silinda shida a jere, lita 4.2, tunda anka wanke kafireta anka sake fulogi bugu ɗaya shika tashi. Niyyata in maishe ta motar kwalisa irin yadda Amurkawa ka yi da tsofaffin akori-kurarsu na Ford da Chevrolet, a sassauto da ita ƙasa kaɗan, jan fenti mai duhu, salansa biyu, taya mai faɗi, amma injin ban son kowa ya taɓa min shi don muryarshi ce ta sa nika son motar.

Matsalar giya ce. Huɗu gare ta, in na hau titin Bodinga da na kai 90 sai injin ya kama kuka, hannuna na neman giya ta biyar babu, ga shan mai ba tausayi ga tsadar fetur. Wani ya ce in sayi giyabos na Hilux mai biyar a yanka belhausin, wato gidan kuloci da ka haɗa inji da giyabos, a yi walda a haɗa, wai ya sha yi. Hankalina dai bai kwanta ba. Mi kuka gani?

Baban_Buzaye:

Wa alaikumus salam. Ɗana kada ka bari a sa ma wagga mota wuta. Giyabos na Hilux an yi shi don ƙaramin inji mai silinda huɗu, shi ko 2F ba injin gudu ba ne, injin ja ne, ƙarfinshi tun daga ƙasa shika zuwa wajen juyi 1,800 a minti, kuma wanga bugun na ƙasa shi ka cinye haƙoran ƙaramin giyabos. Sannan ita waldar, sandar giyabos dole ta zauna tsakiyar fulawil daidai wa daida, in ta kauce ko da kaurin takarda biyu ne za ka ji kuloci na rawa, boris ɗin gaba ya riƙa mutuwa, giya ta riƙa fita da kanta kana cikin tafiya. Da ido ba a saita wannan, duk wanda ya ce ma ya iya ka tambaye shi ina motar take yau.

Abin da kake nema Toyota sun riga sun yi shi, sunanshi H55F. Giya biyar ne, ya zo cikin wasu FJ60 da FJ62 da kuma FJ75, in ka ƙirga juyin inji a kowane juyi ɗaya na bayan giyabos, ta huɗu 1.000 kamar taka, ta biyar 0.845. Shina hawa belhausin ɗinka na mai giya huɗu, noti ya faɗa raminshi ba yanka ba walda.

Ga lissafi ka gani da kanka. In haƙoran aksul ɗinka 4.11 ne kamar yawancinsu, wato farfela ta juya sau 4.11 kafin taya ta juya sau ɗaya, taya inci 31, a gudun kilomita 100 injin na juyi wajen 2,770. Da ta biyar sai ya sauko wajen 2,340. Wannan ɗari huɗun da 'yan kai ita ce kukan da ka damunka, kuma a zafin Afrilu na Sakkwato lagireto ma sai ta gode ma.

Amma in gaya ma gaskiya ba aikin yini ɗaya ba ne. Ogzilarin motarka, wato akwatin da ka raba ƙarfi ga tayun gaba da na baya, tsohon ne mai gida ɗaya, bai kama bayan H55F, sai ka samo na bayanshi mai rabuwa biyu wanda anka fara sawa daga 1980, don haka ka saye shi haɗe da giyabos ɗin kada ka yarda a raba ma su. Giyabos ɗin ya fi naka tsawo da kusan inci uku da rabi, ke nan a rage farfelar baya a ƙara ta gaba, kuma a kai su a yi musu balans in ba haka ba duk bodin zai riƙa kaɗawa. Abin da mutane ka mantawa shi ne birkin hannu, naka bisa bayan ogzilari yake, da ka cire ogzilarin ya tafi da shi, sai ka yi shirin maishe shi ga tayun baya.

Na_Ƙofar_Ruwa:

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara girma. Abu ɗaya zan ƙara ta ɓangarenmu na masu kaya. H55F ba iri ɗaya ba ne duka, yawancin wanda za ka samu yanzu a nan Kano ko Ladipo a Legas daga motocin dizal masu injin 1HZ aka ciro su, su kuwa sandar gabansu daban ce, ƙananan haƙora 21 gare ta, ta injin fetur 2F da 3F manyan haƙora 10 ne. A waje kamarsu ɗaya, kuma wani mai shagon ma bai san bambancin ba shi dai an ce masa na Land Cruiser ne. To ka cire faifan kulocinka ka taho da shi a leda, ka zura a sandar a gabansa, in ya shige sumul ku yi ciniki in bai shiga ba ka yi gaba. Ana iya canza sandar amma sai an wargaza giyabos ɗin gaba ɗaya, kuɗin ya zama biyu.

Ka sa a buɗe maka murfin sama ka haska da fitilar waya, ka juya sandar da hannu a kowace giya, ka kwance notin juye mai ka duba ko akwai garin ƙarfe. Sai haƙoran sandar baya inda take shiga ogzilari, nan ne suke cinyewa, in ka ga sun yi tsini ka bar musu kayansu komai arha.

Direban_Illela:

Ni kam ranka shi daɗe Baba ina da ja kaɗan. Yaron nan motar yawo zai yi, ba buhunan albasa zai ɗauko daga Gada ba, mi zai kai shi ga duk wanga kashin kuɗi? Ya nemi haƙoran aksul 3.70 irin na wasu FJ60 ya sa, da giya huɗun nan tashi a 100 injin zai dawo wajen 2,490, ba rage farfela ba taɓa birkin hannu. Kuma in kaya ne ya tambaya Konni da Tawa kafin ya tafi Legas, mutanen Nijar sun fi mu riƙon Land Cruiser nesa ba kusa ba.

Baban_Buzaye:

Maganarka na bisa hanya, kuma ta fi arha ban musu. Sai dai aksul biyu zai saya, gaba da baya, in ya sake na baya kaɗai ranar da ya sa ogzilari tayun gaba da na baya za su yi ta gardama har wani abu ya karye. Na biyu ya ce taya mai faɗi shika so, na san yaran yanzu ƙarshenta inci 33 zai sa, to 3.70 da babbar taya motar za ta yi nauyin tashi, cikin gari wajen randabawul ya riƙa jan kuloci. Da H55F giya ta ɗaya 4.843 ce, tashi ba wahala, ta biyar kuma na jiranshi a babban titi. Ni in tawa ce biyar ɗin zan sa, in aljihu bai kai ba a yi naka.

Yaron_Mabera:

Na gode ƙwarai manya, Allah shi saka da alheri. Maganar Hilux na aje ta. Baba in sha Allahu ranar Asabar bayan la'asar zan kawo motar ka ɗaga ta mu ƙirga juyin taya da farfela mu tabbatar ko 4.11 ce, don tun zamanin kaka an sha taɓa aksul ɗin baya. Malam na Ƙofar Ruwa don Allah ka fara duba min mai haƙora 10 haɗe da ogzilarinshi, kuma in akwai murfin sama na FJ40 ko FJ45 ka haɗa da shi, na ji an ce na FJ60 sandar giyarshi baya take fitowa, ni ko ban son a huda min ƙasan mota.