Wai tsiro yana tuna wahalar da ya sha?

Ɗan Masta: Jama'a ku yi mana alƙalanci. A semina na ce gyaran DNA da goge alamomin metil (ƙananan alamomin sinadari da ke manne a jikin DNA) a tsiro hanya ɗaya suke bi, wani lakcara ya gwale ni a gaban kowa. Alhali tun 2002 aka san wani furotin mai suna ROS1 a Arabidopsis, ɗan tsiron da ake gwaji da shi a lab: yana yanke sitosin (ɗaya daga haruffan DNA) mai metil ya bar gurbi, masu gyara su zo su cike da sitosin mara alama. Da waɗannan alamomi tsiro ke tuna abin da ya same shi. Ina laifina?

Baban Lab: Tuna? Da wace ƙwaƙwalwar?

Anti Botani: Haba Malam. Arabidopsis ya sha sanyi na makonni, FLC, wato gene ɗin da ke hana shi fure, ya yi shiru, kuma ko ɗumi ya dawo ba ya sake tashi, sai fure ya fito. Wannan me za ka kira shi?

Baban Lab: Hajiya, a iri ai FLC yake komawa yadda yake. Ɗa ba ya gado.

Anti Botani: Wa ya yi maganar gado? A 2006 ma su Barbara Hohn a Basel ta ƙasar Switzerland sun haska wa tsirrai hasken UV, suka ga alamar abin har a jikoki.

Baban Lab: A 2009 wasu suka gwada, bai fito musu haka ba. Ke ma kin sani.

Likita: Ku 'yan ciyawa akwai cika baki. Mu a dabbobi muna da TET, furotin da ke taimakawa wajen goge metil.

Anti Botani: 'Yan ciyawa? TET sai ya canza metil ɗin tukuna wani ya zo ya yanke. Namu ROS1 kai tsaye yake cirewa. Wa ya fi wani?

Likita: Wasa nake, Anti.

Anti Botani: Ba yau ka fara ba.

Ɗan Masta: Don Allah maganar ROS1 fa?

Baban Lab: Ƙanena, janye "tuna" sai mu saurare ka.

Admin: To, na rufe. Abin da aka tsayar: tsiro yana tunawa, Anti ta kawo hujja. Malam bai kawo komai ba sai musu. Likita kuma a daina raina fannin mutane. Batun lakcara, Ɗan Masta ka same shi a ofis.