Me ya kamata a tanada kafin rasuwa ta zo gida?

Baban Halifa: Assalamu alaikum. A wajenmu wanda ya cika da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Sa'o'i kaɗan ne, kuma masu gidan ba sa cikin hayyacinsu. Ina roƙon masu wankan gawa, masu haƙar kabari, malamai da ma'aikatan asibiti, kowa ya faɗi abin da ya ga yana kawo cikas da yadda za a riga shi.

Malam Na-Masallaci: Wa alaikumus salam. A fara da likkafani, don shi ne ake nema a guje, wani lokaci da dare kasuwa ta tashi. Farin yadi ne, alawayyo ya wadatar, ba sai mai tsada ba. Ana son adadin ya zama mara: uku, biyar ko bakwai. A Malikiyya namiji guda biyar, wato gyauto, riga, rawani da lifafa biyu. Mace bakwai, gyauto, riga, mayafi da lifafa huɗu. Wanda ya tsaya a kan uku ma yana da hujja, don a cikin fararen tufafi uku aka sa Manzon Allah (SAW). Kowace lifafa ta zarce tsawon mamaci ta kai da ta ƙafa yadda za a samu wurin ɗauri, kusan yadi biyu da rabi ke nan ga babban mutum. Inda ake kuskure faɗi ne: yadin ya zo siriri, mamaci mai jiki, sai an koma neman tela ya haɗa biyu jama'a na zaune a waje. A sayi yadin da zai wadatar, a haɗa a ɗinke tun yanzu, a yanko igiyoyin ɗauri daga gefensa, a sa a leda tare da kafur, auduga, safar hannu da sabulu mara ƙamshi. Mutum biyu a gidan su san inda yake. Ajiye likkafani ba ya jawo ajali.

Hajiya Inna: Malam ya gama magana, sai in ƙara ta ɓangaren mata. Da rai ya fita a rufe idanu, a ɗaure haɓa da ƙyalle zuwa tsakar kai, a miƙar da hannuwa da ƙafafu. In aka bari aka tsaya kuka sa'a uku ko huɗu, jiki ya fara sandarewa, wankan ya yi wuya. A cire zobe da ɗan kunne tun da wuri, kafin yatsa ya kumbura. Kitson roba da farcen kanti su ma a cire a hankali, suna hana ruwa shiga.

Wankan kansa: a rufe al'aura da zane mai kauri, don mara kauri yana mannewa in ya jiƙe. A ɗan ɗaga kai a matsa ciki a hankali, a wanke abin da ya fito, a canza safar hannu, sannan alwala. A fara da dama. Sau uku, in bai tsarkaka ba biyar. Ganyen magarya a daka a kaɗa a ruwa, kafur kuma sai a wankan ƙarshe. Gashin mace a tsefe, a yi kalaba uku a mayar baya, kamar yadda Ummu Aɗiyya ta yi wa 'yar Annabi. Mutum uku sun isa ɗakin: mai wanka, mai zuba ruwa, mai juyawa. Kuma abin da ido ya gani a nan, a nan ake barinsa. Ina ba kowace mace shawara ta ambaci wadda take so ta wanke ta tun tana raye, yana kashe gardama tsakanin dangi da dangin miji.

Sarkin Haƙa: Abin da masu haƙa ke buƙata daga gida biyu ne: tsawon mamaci da lokacin salla. A auna da kara ko igiya a aiko, kada a ce "dogo ne kamar wane". Mafi yawan ƙasarmu shaƙƙu ake yi, babban rami sannan siriri a tsakiya, saboda lahadu, wato ramin da ake fafewa a gefen kabari ta alƙibla, yana son ƙasa mai tauri, a rairayi rufzawa yake. A kwantar da shi ta dama, fuska ga alƙibla, a kwance ɗaurin, a jera itatuwa ko fasassun tukwane, a toshe kafofi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Da rani a taho da ruwa jarka biyu ko uku, ba kowace maƙabarta ke da rijiya ba. Da damina a guji kwari da hanyar ruwa, a ƙara zurfi in ƙasar ta yarda, a dawo a duba bayan ruwan farko, don kabarin da ba a toshe da kyau ba yakan lotsa.

Maman Ilham: In a asibiti aka rasu, kada a fita sai an karɓi takardar likita mai nuna sanadin mutuwa. Da ita ake zuwa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a yi rajistar mutuwar. Daga baya nemanta wahala ne, fayil ya shige. Haɗari ko kisa kuwa sai da rahoton 'yan sanda. In cutar mai yaɗuwa ce irin kwalara ko zazzaɓin Lassa, a bar ma'aikatan lafiya su jagoranci wankan, gida guda kan kamu ta wannan hanya.

Lauyan Unguwa: Malam, a gafarce ni, a ganina takarda ta fi likkafani gaggawa, don likkafani maƙwabci zai bayar, amma ba wanda ya san bashin da ke kan mutum sai shi. Tsarin dukiyar mamaci sananne ne: kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba kuma ba a yi wa magaji, sannan gado. Littafi guda a rubuta wanda kake bi, wanda ke binka, ajiyar mutane da ke hannunka, zubin adashe, gonar jingina, ragowar sadakin da ba ka cika ba. A sa kwanan wata da shaidu biyu. Filin da ka ba ɗa kyauta, ka miƙa masa ya karɓa da shaidu. Kyautar baki da ba a karɓa ba har mai ita ya mutu takan koma cikin gado, kuma a nan zumunci ke lalacewa.

Sunan da ka rubuta a fom ɗin banki a matsayin makusanci bai zama magaji ba, wanda za a tuntuɓa ne kawai. Banki zai nemi takardar mutuwa da takardar kotu ta izinin kula da dukiyar. Ma'aikacin da ke ƙarƙashin dokar fansho ta 2014 yana da inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, ban da abin da ke asusun fanshonsa. Iyalai da yawa ba su san su nema ba. Kada a zare kuɗi da katin mamaci, haƙƙin magada ne duka. Layin wayarsa kuma a riƙa sa masa kati, in ya daɗe a kashe kamfani zai sayar wa wani.

Malam Na-Masallaci: Na karɓa, Lauya. Hadisin Ibnu Umar ma cewa ya yi kada a kwana biyu ba wasiyya a rubuce. Sai batun abinci: da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, Annabi ya yi umarni a dafa wa iyalinsa. Mu mun juya abin. Malamai sun saɓa a kan sadakar uku, bakwai da arba'in, amma ba wanda ya halatta a yi ta da rabon marayu.

Anti Malama: Takaba wata huɗu da kwana goma ce, mai ciki kuma har ta haihu. Abin da aka hana ado ne: turare, kwalli, lalle, kayan ƙawa, da kwana a wani gida ba larura. Wanka, tsefe kai, zuwa asibiti ko wurin aiki da rana duk ba laifi. Hana ta wanka sai Juma'a ba shi da tushe.

Nauyin rashi ba ranar farko yake sauka ba, sai an naɗe tabarmi baƙi sun watse. A raba ziyara tsakanin dangi har ƙarshen takaba, kowa da ranarsa. Kada a ce wa mai kuka "ba ki da tawakkali". Annabi ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim. A lura da maganin hawan jini da na suga, a makon nan ake mantawa da su. Yara a gaya musu ya rasu, kada a ce ya yi tafiya, sai su zauna jiran ƙofa. Rashin barci da rashin cin abinci na makonnin farko ba ciwo ba ne. Amma in wata shida zuwa shekara ta wuce mutum bai koma harkokinsa ba, a kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa. Akwai asibitin Dawanau a Kano, na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato da na Maiduguri. Wanda ya fara cewa gara ya bi mamacin, wannan ba a jira, kuma ba a barinsa shi kaɗai a ɗaki.

Baban Halifa: Allah ya saka da alheri. Hajiya Inna, saura tambaya ɗaya: jaririn da aka haifa bai yi kuka ba fa?

Hajiya Inna: A wanke masa jini, a naɗe shi a ƙyalle mai tsabta a binne. A Malikiyya ba a yi masa salla sai in ya yi kuka ko ya nuna alamar rai tabbatacciya. Uwar kuma jego take, a ci gaba da kula da ita kamar kowace mai jego, a kuma duba nonon kada ya yi mata ƙulli.