Me ya sa 'yan hagu suka fi kowa riƙe dokar kulle a lokacin korona?

Nura_Ɗalibi:
Assalamu alaikum. Akwai abin da ya ɗaure mini kai. An san masu ra'ayin hagu a Turai da Amurka da sukar zaluncin 'yan sanda, da ƙin leƙen asirin da gwamnati ke yi wa jama'a, da kare 'yancin zanga-zanga. Amma da korona ta zo a 2020 sai ga su a sahun gaba wajen neman a tsaurara kulle, 'yan mazan jiya kuma suka koma masu kukan an tauye 'yanci. Aƙidar ce ta sauya, ko dama can haka take? Don Allah a yi bayani da misalai.

Malam Habu:
Wa alaikumus salam, Malam Nura. Aƙidar ba ta sauya ba. A wurin ɗan hagu, barin mutum ya yi abin da ya ga dama bai isa a kira shi 'yanci ba idan ba shi da halin zaɓa. Ma'aikacin kamfanin nama ko direban bas da aka ce masa "in ka ga dama ka zauna a gida" ba zai zauna ba, domin ranar da bai fita ba babu albashi. Saboda haka suka ga cewa doka ce kaɗai za ta tilasta wa mai kamfani ya rufe, sannan gwamnati ta biya.

Dubi Birtaniya. An sanar da kulle ranar 23 ga Maris 2020, gwamnati ta ɗauki nauyin kashi 80 cikin 100 na albashin waɗanda aka dakatar da aikinsu suka zauna gida, har fam 2,500 a wata. Amma kuɗin jinya na doka a wancan lokacin fam 95.85 ne kawai a mako. Wanda aikinsa bai tsaya ba, ya kamu, aka ce ya killace kansa, da wannan zai ci abinci ya biya haya. Da yawa sun ƙi zuwa gwaji don haka. A kan wannan gibin ƙungiyoyin ƙwadago suka fi yin magana.

Sannan gwamnatocin 'yan hagun ba bakinsu ɗaya ba. Gwamnatin Stefan Löfven a Suwidin ta hagu ce, ba ta kulle mutane a gida ba, ta bar makarantun ƙananan yara a buɗe, ta dai hana taron da ya wuce mutum 50. López Obrador a Mekziko ya ƙi sa dokar hana fita a ƙasa baki ɗaya. Jacinda Ardern a New Zealand kuwa ta rufe iyaka ga baƙi tun Maris 2020.

Hajiya Rabi:
Malam Habu, bayaninka daidai ne a kan takarda, amma ka yi musu sassauci. Sun nemi abu biyu: kulle da tallafi. Kullen ya zo nan take da 'yan sanda, tallafin ya zo a makare ko bai isa ba, kuma yawancinsu suka yi shiru a kan wanda sandar ta faɗa wa.

Ranar 4 ga Yuli 2020 gwamnatin jam'iyyar Labor, mai ra'ayin hagu, ta jihar Victoria a Ostareliya ta rufe dogayen benaye tara na gidajen gwamnati a Melbourne, masu ɗauke da mutum kusan 3,000, galibinsu waɗanda suka yi ƙaura daga ƙasashen waje da masu ƙaramin ƙarfi. Babu sanarwa. Mutane sun leƙo ta taga suka ga 'yan sanda sun tsaya a ƙofofi, wasu babu abincin kwana biyu a ɗaki, wasu maganinsu ya kusa ƙarewa, bayanin kuma bai iso da harsunan da suke ji ba sai daga baya. Ba a yi wa unguwannin masu hali haka ba. A Disamba na shekarar, mai binciken koke-koken jama'a ta jihar ta ce yadda aka yi abin ya keta haƙƙin ɗan Adam.

A Faransa a lokacin kullen sai ka cika takardar dalilin fita, in babu tarar yuro 135. Wanda ke aiki da kwamfuta daga falonsa bai san zafin wannan ba. Mai share asibiti da mai kai saƙo su ake tarewa a hanya.

Idan ana neman inda aka haɗa biyun da kyau, a dubi jihar Kerala ta Indiya. Gwamnatin tarayyar Indiya ta ba da sa'o'i huɗu kacal kafin kullen 24 ga Maris 2020, 'yan ci-rani suka kama hanyar ƙauyukansu a ƙafa. Gwamnatin 'yan gurguzu ta Kerala ta buɗe wuraren dafa abinci na al'umma da sansanonin ma'aikata baƙi, shi ya sa zaman gidan ya yiwu.

Nura_Ɗalibi:
Na gode, Hajiya. To babu 'yan hagun da suka fito suka yi adawa tun a lokacin?

Barista Isa:
Akwai, sai dai muryarsu ta fi fitowa a kan rigakafin dole. Mélenchon, jigon 'yan hagu a Faransa, ya yi adawa da katin shaidar lafiya na Faransa a 2021. Sahra Wagenknecht, 'yar majalisa mai ra'ayin hagu, ta ƙi tilasta allura a Jamus, majalisar Bundestag ma ta yi watsi da ƙudirin a Afrilu 2022. A Disamba 2021 Jeremy Corbyn, tsohon shugaban jam'iyyar Labour a Birtaniya, ya jefa ƙuri'ar ƙin katin korona, alhali jam'iyyar Labour ce ta ceci ƙudirin Boris Johnson bayan 'yan jam'iyyarsa kusan 100 sun bijire. Ƙungiyar ƙwadago ta Unison a Birtaniya ta ƙi amincewa a kori ma'aikatan jinya saboda allura, hujjarta ita ce gidajen kula da tsofaffi dama suna fama da ƙarancin hannu. Gwamnati ta janye dokar tilasta wa ma'aikatan allura a 2022.

Ta fuskar shari'a, ma'aunin yana nan tun 1984 a Ƙa'idojin Siracusa, waɗanda masana shari'a na duniya suka tsara kan yadda gwamnati za ta iya taƙaita 'yancin jama'a: takurawar ta kasance cikin doka, ta zama dole, ta zama mafi sauƙin hanyar da za ta biya buƙata, ba ta nuna bambanci, tana da wa'adi, kuma ana iya ƙalubalantarta. Inda aka fi faɗuwa shi ne wa'adi da sa idon majalisa. A Yuli 2021 kotun tsarin mulkin Sifaniya ta ce kullen farko na gwamnatin hagu ta Pedro Sánchez ya saɓa wa tsarin mulki, domin hana fita irin wannan yana buƙatar matakin ta-ɓaci mafi girma, wanda sai majalisa ta amince tukuna. A Kanada jam'iyyar NDP ta 'yan hagu ta mara wa firaminista Trudeau baya a Fabrairu 2022 da ya yi amfani da dokar ta-ɓaci a kan zanga-zangar direbobin manyan motoci, har aka rufe asusun bankin wasu ba tare da umarnin kotu ba. Kotun tarayya ta ce a Janairu 2024 matakin ba shi da hujja.

Wannan na Kanada shi ya fi damuna. Waɗanda suka yi tir da Orbán na ƙasar Hangari a Maris 2020 don ya karɓi ikon kafa doka da kansa ba tare da wa'adi ba sun yi daidai. Amma ikon rufe asusun mai zanga-zanga ba ya tafiya da gwamnatin da ta fara amfani da shi, kuma ƙungiyoyin ƙwadago ma suna tare hanya a lokacin yajin aiki, don haka wata rana su zai iya faɗa wa.