Musayar Waƙa Tsakanin Ɗan Bauchi (Ɗan Wunti) Da Ɗan Gombe (Na Jekadafari): Katanga Da Ganuwa

Ɗan Wunti:
Trump ya ce a ja katanga,
Ɗan Meziko ya tsaya ya hanga,
Yakubu ya yi ganuwa a Bauchi,
Ya bar ƙofa ga mai fatauci.

Na Jekadafari:
Ɗan Wunti, ina ganuwar taka?
Ruwan sama ya mai da ita laka,
Saura ƙofa, babu bango,
Masu keke sun mai da ita zango.

Ɗan Wunti:
Ku da kuka ja mana iyaka,
A 1996 kuka ɗaure jaka,
Abacha ya yanka muku gona,
Ƙane ya ƙoshi ya manta inna.

Baban Walida: Kai! Allah ya ƙara basira, zakin Wunti. Gombawa a kawo wani, wannan ya faɗi.

Malam Na Bolari: Zakin me? Layin nan na biyu gurgu ne. A karanta 1996 da baki a ƙirga gaɓoɓin, ya fi sauran ukun tsawo.

Yaya Asabe:
Ku bar faɗan bangon ƙasa,
An rufe boda, shinkafa ta yi nisa,
Waya daga Sin ta shigo ba biza,
Ƙanena ya sai da babur da kaza,
Ya bi Agadas a bayan Hilux,
Sanda a hannu, galan a ƙugu,
Shekara biyu muna jiran lambar Libiya.

Baban Walida: Malam, da ɗan Gombe ne ya rubuta da ba ka ga gurguntar ba.

Malam Na Bolari: Aruli, ilimin awon waƙa, bai san jiha ba, ɗana. Ko baitin farko ma, "Bauchi" da "fatauci" kaɗai suka tsirar da shi.

Ɗan Wunti: Allah gafarta Malam, to a rera mana shekarar a karin Kamil mu ji.

Na Jekadafari: Yi haƙuri, wuta ce babu tun jiya.
Inna ta riƙe tukunya da ludayi,
Ƙane ya gaji da kallon rabon wayi,
Hatsinku ma daga Tudun Hatsi,
Ku ci masa, ku rage mana tsatsi.

Malam Na Bolari: "Wayi"? "Tsatsi"? A wane ƙamus? Ƙafiya ta matse ka, ka ƙirƙiro.

Yaya Asabe: Malam, nawa ma ƙafiyar ta watse a ƙarshe, ba wanda ya ce komai.

Malam Na Bolari: Na gani, Hajiya. Allah ya bayyana shi.